Kafin ki cika takardar, je ki zauna a rumfarsu

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai da safe don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba: kwamitin masallacinsu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, ya ba ta ɗaki ta buɗe ajin yamma na manyan mata, mata 30 sun ba da suna, masu tallafa musu da benci da alli kuma sun aiko da takarda suna son ta rubuta abin da matan za su iya bayan wata shida. Ta rubuta "za su iya karatu da rubutu da lissafi", tana tambaya ko hakan ya wadatar.

Bai wadatar ba. Ba raina miki nake yi ba, ni ma abin da na rubuta ke nan a 2015 da na buɗe nawa a Asawase, kuma na sha wuyarsa. A lokacin na shekara goma sha ina koyar da 'yan firamare a ɗaya daga cikin makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta ƙasa, sai na ɗauka babba yaro ne da ya yi tsawo. Na kawo littafin aji ɗaya, muka dinga rera A, B, C. Shekarar ce dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ta yi tsanani, rabin darasin da fitilar caji muke yi. Mata 34 muka fara. Da aka dawo daga hutun ƙaramar salla, tara na tarar. Na ɗora laifin a kan mazajensu, na ɗora a kan kasuwa, na ɗora a kan ruwan sama, ban bar kowa ba sai kaina. Wata mai koko da ƙosai ce ta warware mini, ranar da na tsaya saye na ce mata kwana biyu. Tana zuba mini koko a leda, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce: "Malama, wata uku ina zuwa wurinki, har yau in saƙo ya shigo wayata sai na nemi yaro. To me na je yi?"

Daga ranar na daina rubuta manufa a kan teburina. Kafin in sake buɗe aji sai da na kwashe kusan mako uku ina bin matan ɗaya bayan ɗaya, wata a rumfarta, wata a tsakar gida tana wanki. Kuma na gano akwai tambayar da ba ta da amfani, wato "me kike son ki koya?" Duk wadda kika yi wa ita amsa ɗaya za ta ba ki: Turanci. Tambayar da ke buɗe baki ita ce, "a makon nan, yaushe ne kika nemi wani ya duba miki takarda ko waya?" Nan za ki ji labari. Wata a asibitin Komfo Anokye aka ba ta magani kala huɗu, ta dawo gida ta rasa wanne ne na safe wanne ne na dare. Wata katin inshorar lafiyarta ya mutu wata biyu ba ta sani ba sai da ta kai yaro ba lafiya. Wata kuwa ɗanta ya kawo sakamakon ƙarshen zango ya nuna mata 38, ya ce makin da ya ci ne, har ta saya masa takalmi, ashe shi ne na 38 a aji mai yara 42. Ita wannan da ta ba ni labarin dariya take yi, amma idonta ya kawo ruwa.

Bari in daɗe a kan mutum ɗaya, don a kanta na koyi yawancin abin da zan faɗa miki. Wata Hajiya ce mai sayar da hatsi, shekarunta sun haura hamsin. Da na zauna a bencinta abin da ta fara ce mini shi ne, "ni fa ban san komai ba, ban yi sukuu ba." ('Yan uwanmu na Najeriya da Nijar da ke cikin zauren nan, a Zongo, wato unguwanninmu na nan Ghana, in an ce makaranta ta allo ake nufi, ta boko kuwa sukuu muke ce mata.) Muna cikin magana wata ta zo karɓar gero bashi. Hajiya ta sa hannu ƙarƙashin buhu ta zaro wani littafi da bangonsa ya yi baƙi don maiƙo, ta lashi yatsa, ta buɗe daga dama, ta rubuta. Na leƙa. Sunayen masu bashi ne reras da ajami, kowane da adadin olonka (gwangwanin awon hatsi) a gabansa, wanda ya biya an ja masa layi. Shafi ya fi arba'in. Wani ya zo sayen masara olonka 13, kafin in gama latsa wayata ta faɗi kuɗin, ta faɗi canji. Wannan ce matar da na zaunar wata uku ina koya wa ɗaya da ɗaya biyu.

To ina matsalarta? Ɗigo ne. Ɗigo guda. Kin san tun watan Yulin 2007 aka sauya kuɗi, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma har gobe bakin 'yan kasuwa bai sauya ba. Hajiya in ta ce "dubu ɗari biyar", sidi 50 take nufi, in ta ce miliyan, sidi 100 ne. Takardar kuɗin da ke hannunta an rubuta 50. Saƙon Momo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, kuma ya zo da 50.00, ita kuwa idonta dubu biyar yake gani. Kuɗi ɗaya, fuska uku. Shi ya sa ba ta yarda da wayar ba sam, duk wanda ya biya ta da Momo sai ya tsaya a nemo jikanta ko yaron maƙwabta, lambar sirrinta kuwa yara uku ne suka san ta. Sau ɗaya an kira ta an ce an tura mata kuɗi bisa kuskure, a taimaka a mayar, ga saƙo ya shigo. Ta sa aka mayar. Babu abin da aka turo, saƙon na ƙarya ne.

Ga abin da na rubuta mata, ita kuma na karanta mata ta amince: nan da wata biyu Hajiya za ta buɗe saƙon Momo da kanta, ta faɗi nawa aka turo, da sunan wa, nawa ya rage a asusun, za ta latsa *170# ta duba abin da ke ciki kafin ta yarda da maganar duk wanda ya kira, za ta sa lambar sirri ba kowa a kanta. Gwaji kuma saƙo biyar ne na gaske a wayarta, ta ci duka biyar, don harkar kuɗi ba a ce mata saura kaɗan.

Ki ɗora wannan kusa da "za ta iya karatu". Na farko, in na kwanta ciwo wata ta karɓi ajin, ta san abin da za ta koyar ranar Litinin. Hajiya da kanta ta san ranar da ta kai, ba sai na faɗa mata ba. Na biyun kuwa ba wanda zai iya cewa an kai ko ba a kai ba, don karatu ba shi da bakin iyaka: mai haɗa baƙi yana karatu, alƙalin kotu ma yana karatu. Abin da nake dubawa a duk jimlar da na rubuta shi ne, akwai aikin da ido zai gani mutum yana yi? An faɗi da wane abu za a yi shi, kuma a ina? An faɗi ko da taimako ko babu? An sa lokaci? Kalmomi irin su "fahimta", "sani", "wayewa", "samun ƙwarewa" na daina amfani da su, suna da daɗi a takarda amma ba a kama su da hannu. Sai dai "za ta rubuta", "za ta nuna", "za ta cika", "za ta ware".

Na ga wani Malam a zauren nan ya ba ki shawara cewa ki ɗauki manhajar aji ɗaya zuwa uku ki bi kawai. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ban yarda da shi duka ba, amma akwai gaskiya a maganarsa da bai kamata a zubar ba. Ni da na tuba daga A, B, C, sai na zarce gona da iri. Shekara ta biyu na koyar da buƙata zalla: ga saƙon waya, ga takardar magani, ga sa hannu. Sai na wayi gari da matan da suka haddace siffar kalmomi kamar hoto. Ranar da wata ta sauya waya, rubutun ya ɗan bambanta, komai ya rushe. An gudu daga gara an faɗa zago. Saboda haka kowace manufa tana da matakala a ƙarƙashinta, kuma wannan aikinki ne ke malama, ba na ɗaliba ba. Kafin Hajiya ta karanta sunan wanda ya turo kuɗi, sai ta san baƙaƙen boko da sautinsu, ta saba da tafiya daga hagu zuwa dama, ta san matsayin lamba da aikin ɗigo. Duk abin da ke manhajar Malam ana koyar da shi. Bambancin shi ne da sunayen masu bashinta na koya mata baƙaƙen, ba da tuffa da ƙwallo ba. Kuma mai ajami tana da saurin kamawa, don ta riga ta san cewa alama tana ɗauke da sauti. Sai dai ki ce mata wannan ita ce ba, wannan ita ce sin, wasali kuma a boko ba sama ko ƙasa yake hawa ba, cikin layi yake zama.

Sai maganar harshe, wadda takardar masu tallafi ba za ta tambaye ki ba, amma ita ce za ta fi ba ki ciwon kai. Matanki Hausa suke yi a gida, ko da asalin wasu Mosi ne ko Dagomba ko Zabarmawa ko Kotokoli. A kasuwar Kejetia yaren Tuwi suke yi. Salla da makaranta Larabci. Takarda kuwa, daga katin Ghana (katin shaidar ɗan ƙasa) har rasit, Turanci ce. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta ɗauka take buga littattafan makaranta da su, don haka kada ki zauna jiran littafin Hausa daga ofis. Abin da ya yi mini aiki shi ne na fara haɗa baƙi da Hausa, don ana rubuta ta yadda ake faɗinta, mace ta rubuta "gero" ta karanta ta ji abin da ta sani. Turanci kuma na shigo da shi tun makon farko amma a matsayin kalmomin aiki: abin da ke kan takardar banki, kan ledar magani, kan allon mota. A manufarki ki fito fili ki ce wane aiki da wane harshe. In kin bar shi a dunƙule, su za su zo da tsammanin nan da wata shida za su yi hira da Bature, ke kina nufin su cika suna da adireshi, a rabu ana jin haushin juna.

Yanzu ɗauki biro mu yi lissafin da ban yi ba a farko. Wata shida mako 24 ne ko sama kaɗan. In kuna haɗuwa sau uku a mako, awa ɗaya da rabi, awa 108 ke nan a takarda. Cire azumi in ya faɗo ciki, don ba mai zuwa, masu abincin sayarwa ma lokacin ne kasuwarsu. Cire makon salla. Cire ranakun suna, da addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, da aure, kin san Lahadin Zongo. Cire ranar da aka yi ruwa kwata ta cika, ke da kike Aboabo ba sai na faɗa miki ba. In mace mai ƙoƙari ta samu awa 70, ki gode Allah. Shirin gwamnati na koyar da manya da aka yi shekaru ana gudanarwa wata 21 yake ɗauka kafin a yaye aji guda. To ke da awa 70, manufa nawa za ki ɗauka? Ni huɗu nake sa wa aji gaba ɗaya, sai kowace mace ta ƙara guda tata ta kanta. Wata ƙungiya da ta taɓa tallafa mana ta aiko mini da jerin abubuwa sun fi talatin, har da sauyin yanayi da dabarun shugabanci, duk a wata shida. Na sa hannu don ina son bencin. Suka zo sau biyu, suka ɗauki hoto, rahoto ya yi kyau, ni kuwa na san rabin matan ba su iya rubuta lambar wayarsu ba. Ban sake yin wannan ba. In sun matsa miki, ki ce musu ga huɗu da za ku iya zuwa ku gwada da idonku. Masu hankali a cikinsu sun fi son haka.

Kuma matan nan 30 ba aji ɗaya ba ne, ko da ɗaki ɗaya suke. Za ki samu wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, hannunta ma sai ya koyi zama. Za ki samu irin Hajiya, masu ajami da lissafin ka. Za ki samu 'yan matan da suka bar sukuu a aji biyar ko JHS (ƙaramar sakandare) saboda aure ko rashin kuɗi, suna karatu da ƙyar amma suna yi. Manufa ɗaya za ta iya ɗaukar su duka in kin yi mata hawa. Ɗauki takardar magani: ta farko ta gane lambobin, ta nuna sau nawa a rana, ta biyu ta karanta sunan mai maganin don kada ta ba wa Inna na jika, ta uku ta karanta ranar da maganin zai lalace da gargaɗin da ke jikin kwali. Rukuni na ukun nan ki tambaye su da kyau, don wasunsu takardar shaida suke nema. Akwai jarrabawar gama ƙaramar sakandare, BECE, ta masu zaman kansu, akwai ta koyon sana'a da aka fi sani da NVTI ga masu ɗinki da gyaran gashi da girki. Wannan hanya ce daban, ajinki ba zai kai su can a wata shida ba, amma kya iya sa musu manufar da ta fuskanci wajen. Ki kuma leƙa ofishin hukumar ilimin manya na yankinku, wadda aka sani da NFED, tun dokar 2020 ta koma CEA. Ki je da jerin sunayenki, ki tambayi abin da suke da shi na kayan koyarwa da horar da masu koyarwa.

Kada ki kira gwajin farko jarrabawa, rabinsu ba za su dawo ba. Ni zama nake yi da kowace, minti goma, in baje kaya a tabarma: katin Ghana, ledar magani, rasit, takardar sidi 20, kalanda, waya. In ce nuna mini abin da kika gane a nan. Abin da ta yi in rubuta a shafinta da kwanan wata. Bayan wata uku a sake baje kayan nan, bayan shida a sake. Shi ke nan awonki, kuma shi za ki nuna wa masu tallafi. A wannan zaman ne ma za ki gano masu matsalar ido. Akwai wata da na yi wata biyu ina ganin kanta ne ke da nauyi, ashe layin ne ba ta gani. Tabarau na karatu aka saya mata, cikin mako uku ta wuce sa'o'inta. Duk wadda ta haura arba'in kika ga tana nesanta takarda da fuskarta, ki tura ta a duba idon kafin ki yanke mata hukunci.

Sunan ajin ma ki kula da shi. A Arewacin Najeriya tun shekarun 1950 ake cewa Yaƙi da Jahilci, sunan ya zauna, ba na musu da tarihi. Amma matar da ta sauke Alƙur'ani, ta aurar da 'ya'ya biyar da kuɗin sayar da waake (shinkafa da wake), ba za ta ratsa unguwa da littafi a hannu zuwa inda aka rubuta jahilci a ƙofa ba. Mu "ajin Magajiya" muke cewa, don Magajiyar unguwa ce ta tara su, ita ce kuma ke bin wadda ta yi fashi.

Akwai manufar da mace ba za ta faɗa a gaban mutane ba. Wata dattijuwa sai da muka yi wata guda ta tsaya bayan an tashi, ta ce ita abu ɗaya ya kawo ta. Duk sanda aka je banki ko taron iyaye, sai a miƙo wa kowa biro, ita a turo mata tawada ta dangwala, ta dawo gida da babban yatsa shuɗi kowa ya gani. Sa hannu take so. Harafi shida ne sunanta. Mun yi mako biyar a kansu, fensir yana huda takarda don ƙarfin riƙo. Ranar da aka kira taron iyaye a makarantar jikarta, ta dawo ajin ba ta ce komai ba, ta ɗaga mini hannayenta biyu, yatsun fes. Saboda irinta nake barin layi ɗaya fari a shafin kowace mace, a cika shi daga baya.

To ga abin da zan sa a takardar da a ce ni ce ke, ki gyara bayan kin zagaya rumfunansu. Zuwa ƙarshen wata shida, kowace ɗaliba da ta halarci aƙalla kashi biyu cikin uku na darussa za ta rubuta cikakken sunanta da lambar wayarta da unguwarta a takardar cikewa, ta sa hannu, ba tare da kwafa ba. Za ta karanta saƙon kuɗi a wayarta ta duba ragowar asusunta ita kaɗai. Za ta karanta umarnin shan magani a leda ta faɗi adadi da lokaci. Za ta rubuta cinikin yini guda, shiga da fita, da lambobin boko, ta fitar da abin da ya rage. A ƙasa ki ƙara cewa kowace za ta zaɓi buƙata guda tata, za a rubuta a kuma gwada. Sharaɗin halartar nan kada ki manta da shi, shi ne zai kare ki ranar da aka zo ƙirga.

In kina da sarari ranar Asabar bayan la'asar, ki zo ajinmu ki zauna a baya ki gani, sai in ba ki kwafin shafin da nake cikewa. Ki taho da takardar masu tallafin mu duba tare. Kuma in ba ki riga kin sayi littattafan rubutu ba, ki dakata: masu faɗin layi za ki nema, da fensir, ba biro ba, don watan farko gogewa ta fi rubutu yawa.